Fim Ɗin Laka da Kara: Shawara a Kan Fargabar Yaranmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, a Nassarawo, Mubi)

 



An umarce ni in yi bayani a kan wata shawara da samarinmu suka kawo gaban ƙungiya, watau a ba su ɗaki da ɗan abin da ba a rasa ba, su haɗa wani ɗan gajeren fim da hannunsu a kan sauyin yanayi da fargabar da yake sa musu. Na lura tun da aka ambaci fim wasu dattawa suka gyara zama. Ku yi mini haƙuri ku ji ni har ƙarshe, in ya so sai a yanke hukunci. Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake saye nake sayarwa, karatuna kuwa na Islamiyya ne. Saboda haka lissafin rumfa zan yi muku: ga abin da ke damun mu, ga abin da za a kashe, ga kuma ribar da ake sa rai.

Bari mu fara da abin da ke damun mu. Ku ɗauki yaron da aka haifa a unguwar nan a 2008. Yana shekara 4, a 2012, aka saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ya yi ambaliya, ya ci gidaje da gonaki a wajen Yola da Fufore da Numan. A faɗin Nijeriya mutum 363 suka rasu a ambaliyar shekarar, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. Yana shekara 6, a Oktoban 2014, aka ja hannunsa aka gudu da shi daga garin nan, wannan kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. Yana shekara 14, a 2022, ruwa ya sake tashi, sama da mutum 600 suka rasu a ƙasar nan. Yana shekara 16, a 2024, ya yi azumi cikin zafin da tsofaffi ma suka ce ba su saba da irinsa ba. A watan Afrilun shekarar an auna zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Satumba, madatsar Alau ta fashe, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare, kuma da wuya a sami gida a nan da ba shi da ɗan uwa ko abokin ciniki a can.

To jama'a, yaron da ya tashi a haka, in hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Mandara ya kasa barci, ko ya riƙa tambaya ko Yedzaram zai shigo gari, za mu ce masa ragon namiji? Wasu ma ba sa tambaya, shiru kawai suke yi. Wasu kuma sun fara cewa noma ba shi da amfani, karatu ba shi da amfani, tunda duniyar ma ta kusa tashi. Wannan maganar ita ta fi tayar mini da hankali, domin yaron da ya yanke ƙauna kowa na iya sayen sa da araha.

Kada ku ɗauka yaran Mubi kaɗai ne. A 2021 wasu masana, ciki har da na Jami'ar Bath ta Ingila, sun tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, har da Nijeriya. Kashi 59 cikin 100 suka ce sauyin yanayi yana damun su ƙwarai da gaske. Kashi 45 suka ce damuwar tana shafar harkarsu ta yau da kullum. Kashi 75 kuwa suka ce in sun hango gaba tsoro suke ji. Abin har suna aka ba shi, watau fargabar sauyin yanayi.

Kuma ba tsoron banza ba ne. Hayaƙin fetur da gas da kwal da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama, ya zama kamar bargo, zafin rana ya shigo ya kasa fita yadda ya kamata. Iska in ta yi zafi takan ɗauki ruwa da yawa, shi ya sa za ka ga an yi kwana da kwanaki ba ɗigo, ranar da ya zo kuma sai ya zubo na wata guda a dare ɗaya. Afirka duka abin da take fitarwa na wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wuyarsa.

Mu ma ai mun san wuya. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973, mu kuma da wayonmu muka ga na 1984. Masu fataucin banda daga Baga sun san yadda Tafkin Chadi ya ja baya: a shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, bayan farin nan biyu abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, ko da yake daga baya ruwan ya ɗan dawo. Amma akwai bambanci tsakaninmu da 'ya'yanmu. Mu a bakin tsohuwa muka ji labarin yunwa, kuma wadda ta ba mu labarin ita kanta shaida ce cewa an rayu. Takan gaya maka abin da aka ci, da rijiyar da ba ta ƙafe ba, da wanda ya buɗe rumbunsa. Su kuwa a waya suke gani. Waya takan nuna maka gawa da rushewar gida, kafin ka ja numfashi ta wuce zuwa wani bala'in. Ba ta taɓa gaya maka yadda aka tashi washegari.

Yanzu ga maganar fim. Na san wani zai ce wannan aikin Turawa ne da masu injuna. A'a, maƙwabcinmu ya riga ya yi shi tun ba a haifi da yawa daga cikinmu ba. Sunansa Mustafa Alasan, mutumin Jamhuriyar Nijar, an haife shi a 1942. Makanike ne tun farko. Yana saurayi yakan yanka kwali ya haska fitila ya nuna wa mutane inuwa tana motsi, kamar majigin da ake kawo mana a fili da daddare muna yara. Daga baya ya yi aiki a Yamai tare da wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, ya kuma je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, wanda gwani ne a zane mai motsi. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyara ƙasar waje. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana da ya haɗa da hannunsa. Akwai kuma wanda ya sa wa suna Kokoa, kun ji dai, kokawarmu ce ta gargajiya, sai dai kwaɗi da hawainiya ne a fage. A garin Tawa ya zauna, yana da masauki na baƙi, ya mayar da wani sashe nasa wurin aiki. Allah Ya yi masa rasuwa a Wagadugu a watan Maris na 2015. Duk inda ake tarihin zane mai motsi a Afirka, sunansa na cikin na farko-farko.

Akwai wani fim nasa da nake so ku riƙe, shi da mutane aka yi shi, sunansa Toula, ya yi shi a lokacin farin shekarun 1970. Labarin wata ƙasa ce da ruwa ya ƙafe, sai boka ya ce ba za a sami ruwa ba sai an ba da budurwa ga aljanin ruwa. Saurayinta ya tafi neman ruwa, kafin ya dawo da albishir an riga an ba da ita. Ni abin da na fahimta a nan shi ne, tsoron da ba ilimi a tare da shi wanda za a yanka yake nema. Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye, mu Hausawan da kakanninmu suka zo garin nan da fatauci. Duk inda abinci ya yi tsada, wa ake fara nunawa da yatsa? Mai rumfar hatsi. Duk inda makiyaya ta ƙare, manomi da makiyayi ne ke hawa kan juna. In ba mu koya wa yaranmu su fahimci abin da ke faruwa da sama da ƙasa ba, wani zai zo ya ba su bayani mai sauƙi, ya ce laifin ƙabila kaza ne, su ma can a gaya wa nasu yaran laifinmu ne.

To yaya ake wannan fim? Ni dai na sa masa suna matsa-ka-ɗauka, domin aikin ke nan. Ido yana da wata ɗabi'a: in aka nuna masa hotuna masu kama da juna a jere da sauri, sai ya ga kamar abu ɗaya ne yake motsi. Fim ɗin silima hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Masu yi da hannu galibi 12 suke yi, kuma yana isa. Sai ka ajiye abinka a kan tebur, misali motar kara irin wadda yara ke yi bayan girbi, ka ɗauki hoto. Ka matsa ta kamar faɗin ƙwayar masara, ka janye hannunka, ka sake ɗauka. Haka za ka yi ta yi. In aka jera hotunan sai ka ga mota tana tafiya ba mai tura ta.

Ga lissafin. Hoto 12 a daƙiƙa, sau 60, minti ɗaya ya ci hoto 720. Fim na minti 3 hoto 2,160 ke nan. Mu ce kowane hoto ya ci minti ɗaya tsakanin matsawa da ɗauka, awa 36 ke nan. In yara suka yi awa biyu-biyu da yammacin Alhamis da Juma'a, lokacin da babu Islamiyya, sati 9 ya isa ɗauka. A ƙara da lokacin ƙera kaya da gyaran kuskure, a ce wata 3. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙa'idojinsa uku ne. Na farko, waya kada ta motsa ko kaɗan daga farkon fage zuwa ƙarshensa, sai kafinta ya yi mata mazauni na katako a ɗaure ta da roba. Na biyu, haske kada ya canja. Ba a yin sa da hasken rana, domin rana tafiya take yi, hoton zai riƙa ƙyafta ido. A rufe taga, a kunna fitilar sola ko mai caji guda biyu, a bar su wuri ɗaya. Na uku, haƙuri: wanda ya yi gaggawa ya matsa abu da yawa, motsin tsalle zai riƙa yi. Akwai manhajar waya da ake kira Stop Motion Studio, ana samun ta kyauta, takan nuna maka inuwar hoton baya a kan na yanzu don ka san iya inda za ka matsa, ita ce kuma ke jera hotunan.

Kayan aiki kuwa duk suna bayan gidajenmu. Yumɓu a yi tudu da gidaje, amma abin da zai lanƙwasa a sa masa waya a ciki, a kuma rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma in an tashi, don kada ya bushe ya tsage. Kara da ɓargonsa a yi mota da danga da rumbu. Auduga ita ce gajimare, in an shafa mata toka ta zama hadari. Shuɗiyar leda in aka yamutsa ta kaɗan-kaɗan tsakanin hoto da hoto, wallahi sai ka rantse kogi ne ke gudu. Ƙyallayen da tela ke zubarwa su ne ganye da tufafi. Sauti kuma daga baya ake sa shi: a zuba gero a hankali kan faranti, ruwan sama ke nan, a girgiza guntun kwanon rufi, ga tsawa.

Sai maganar da na san tana ran malamanmu, watau hukuncin sura da mutum-mutumi. Wannan fage ba nawa ba ne, nasu ne. An san hanin da ya zo a kan ƙera surar mai rai, an kuma san Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana na wasa tana ƙarama, malamai kuma sun yi bayani a kan iyakar kowane. Shawarata ita ce a nuna musu tsarin kafin a fara. Kuma ana iya yin fim ɗin gaba ɗaya ba tare da an ƙera fuska ko ɗaya ba. Mudu ma ya isa ya zama jarumin labari. Wane ne a cikinmu bai san abin da ake nufi ba in ya ga mudu yana cika har ya yi tozo, bana ya sauka baki, baɗi ya koma rabi? Tulu, gatari, takalmin soso da ruwa ya tafi da shi, duk suna magana.

Abin da za su faɗa a ciki nasu ne, kada mu rubuta musu. In tsoro suke ji su nuna tsoron, kada mu ce su yi dariyar dole. Amma ina roƙon a gindaya musu sharaɗi biyu.

Na ɗaya, kafin su taɓa yumɓu, kowane rukuni ya je ya zauna da dattijo ko tsohuwa su tambayi 1973 da 1984: me aka ci, ina aka sami ruwa, wace bishiya ce ke ina, wa ya taimaki wa. Su ɗauki muryar a waya, ita za a sa a fim ɗin. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan kullum raguwa suke yi. Kada kuma su tsaya a gidajen Hausawa. Maƙwabtanmu Fali da Gude da Njanyi da Fulani sun san ƙasar nan da duwatsunta tun kafin zuwanmu. Mutanen duwatsun Mandara sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a gangare don su riƙe ƙasa da ruwa, har ma gonakin Sukur da ke Madagali suna cikin abin da ya sa UNESCO ta sa wurin a jerin kayan tarihin duniya a 1999. A gayyato 'ya'yansu a yi aikin tare. Yaran da suka yi wata 3 suna matsa mudu ɗaya, da wuya wani ya zuga su a kan juna.

Na biyu, kada fim ya ɗora laifi a kan wata ƙabila. In za a nuna abin da hannun mutum ya jawo, a fara daga gida. Hayaƙin manyan ƙasashe ba a hannunmu yake ba, amma bishiyar da ake sarewa a gangaren dutse a mai da ita buhun gawayi, a kasuwarmu ake sayar da ita. Ledar da ke toshe lambatu daga rumfunanmu take fita. Ginin da ake yi a kan hanyar ruwa, da saninmu ake yi. Tudun da ba bishiya ba ya riƙe ruwa, gaba ɗaya yake sako shi cikin kogi tare da ƙasar noma. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

In suna neman abin da za su rufe labarin da shi wanda ba ƙarya ba, ga shi a ƙasar Maraɗi. Tun daga 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai, kowace shekara sukan yi tofo a sare a lokacin sharar gona. Sai aka fara barin reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a rage sauran, a kiyaye su daga dabba da wuta. Ba dashe, ba ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya ƙasar Nijar ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5, bishiyoyi kimanin miliyan 200, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma ba shi taki. Talakawa manoma masu jin Hausa kamarmu suka yi wannan, da adda da wuƙa. A kan tebur kuwa, kututturen yumɓu yana tofo ganye ɗaya bayan ɗaya yana cikin abin da ya fi sauƙin ɗauka.

Ranku ya daɗe, ban ce fim na minti 3 zai rage zafin rana ko ya tare Yedzaram ba. Ribar da nake hange ita ce wannan: yaron da ya ƙera abin da yake tsoro da hannunsa, ya matsa shi sau 2,000, ya san shi ciki da waje, kuma ya sami bakin gaya wa ubansa abin da ya kasa faɗa a zaure. Ya koyi lissafi da haƙuri da aiki da mutane, wataƙila ma wani ya sami sana'a. Mu kuma mu ajiye muryar tsofaffinmu. Duk mun karanta ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Mafarkin ban tsoro aka kawo masa, shi kuwa ya mayar da shi tsarin noma da ajiya na shekaru bakwai. Tawakkali bai hana gina rumbu ba.

Abin da nake nema daga ƙungiya abu huɗu ne. A ba su ɗakin ajiyar nan na ofis na wata 3, da makulli a hannun babba ɗaya. A samo aron waya mai kyamara mai kyau da fitilu biyu, kafintocinmu su taimaka da tebur da mazaunin waya, teloli da ƙyalle. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya a nan Mubi, biyu ko uku su ɗauki nauyin kula da su, a kuma ware wa 'yan mata nasu lokacin tare da ɗaya daga cikin iyayenmu mata, domin su ma suna da abin faɗa, su ne masu ɗebo ruwa da hura wuta. Na ƙarshe kuma wanda ya fi tsada, dattawa in yaran nan suka yi sallama a ƙofarku, a shimfiɗa musu tabarma a ba su lokaci. In an gama sai a kafa farin ƙyalle a filin unguwa bayan sallar Isha'i, a gayyaci maƙwabta, a kalla tare. Ni daga rumfata na ɗauki nauyin fitilun biyu, da geron da za a yi ruwan sama da shi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyaye mu daga fari da ambaliya, Ya sanya natsuwa a zukatan 'ya'yanmu, Ya zaunar da garin Mubi da ƙasarmu lafiya.